Sunanki, Jinina

Unguwar Zango, Gashuwa
6 ga Yuli

Zuwa ga mahaifina, Malam Hashimu mai hatsi, Hausari, Nguru.

Assalamu alaikum Baba. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya. Yaya ƙafar, yaya kasuwa, yaya kuka ji da ruwan shekaranjiya? Mu nan sai godiya. Maigidana Malam yana gaishe ka, jikokinka Usama da Shuhada ma suna gaisuwa, wai har yanzu suna jiran bandar da ka yi musu alkawari tun da azumi.

Abin da ya faru jiya ne ya mayar da ni rubutu. Na kira ka a waya, na yi ta ɗaga murya har maƙwabta suka shigo yi mini barka, kai kuwa da aka kira kana ta cewa in sake faɗa. Shekara talatin kana aikin jirgin ƙasa, ƙararsa ta tafi da rabin kunnenka, amma kullum sai ka ce wayar ce ba ta da kyau. To ga shi a rubuce. Saleh direba zai miƙa maka a rumfa.

Maganar Zaituna ta tabbata. Gidauniyar nan da ta nemi tallafinta ta ɗauke ta. Za ta tafi Maleshiya digiri na biyu, shekara biyu, a kan binciken ruwan sha. Da takardar ta zo na karanta ta sau uku, sannan na shiga ɗaki na yi kuka. Ka tuna ranar sadakar ukun Inna, da muka nemi Zaituna muka rasa, ashe tana zaune gindin randa tana leƙa ciki? Shekararta sha biyar, ta ce sai ta san abin da ke cikin ruwan nan. Ni har tsawa na yi mata a ranar. Ga shi yau Allah ya kawo.

Ga yadda tsarin yake. Su za su biya makaranta da ɗakin kwana, su riƙa ba ta na abinci duk wata, amma sai ta yi wata biyu a can kafin ya fara shigowa. Namu shi ne tikitin jirgi, da biza, da abin da za ta ci a wata biyun, da inshorar lafiya. Na san za ka tambayi ita inshorar. Kuɗi ne ake biya tun kafin ciwo ya zo, don in ya zo a duba mutum ba tare da an tsare shi a ƙofa ba. Baƙo a ƙasar mutane ba shi da dangin da za su taru a bakin asibiti su yi masa karo-karo. Kar ka taɓa jarinka, Baba. Mun shawarta ni da ita, fadamar da Inna ta bar mana za mu sayar, in ka amince da naka kason. Akwai mai so.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Tun kafin takardar ɗaukar ta zo, gidauniyar ta aiko da fom na gwajin lafiya a asibitin da ta zaɓa, jini da fitsari, har da ƙoda, kuma asibitin ne zai aika musu da sakamako kai tsaye. Ka san garin nan. Mutum zai je a auna masa zazzaɓi sau goma, amma ka ce ya je a duba ƙodarsa, sai ya ce kana yi masa mugun baki. A layinmu kaɗai gida huɗu ciwon nan ya shiga. Wasu sun ce ruwa ne, wasu maganin feshin gona, wasu zafin rana, har yau ba wanda ya tsayar mana da magana ɗaya.

To Zaituna wata biyu ke nan tana ciwon baya. Na ce mata duƙufa a kan kwamfuta ne, ta ce haka Inna ta fara. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Fom ɗin yau kwanansa tara a ƙarƙashin katifa. Ba ta cin abinci, ta ce gara kar ta tafi da a ce mata ƙoda ce. Dubi mai digiri a kimiyya, Baba. Amma kar ka damu, zan san yadda na yi da ita. Tun rasuwar Inna nake riƙe da yarinyar nan, ban taɓa kasawa ba.

Ka sa mu a addu'a. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

'Yarka da kake kira Uwata,
Halimatusa'adiya


Unguwar Zango, Gashuwa
19 ga Yuli

Assalamu alaikum Baba. Ina gaisuwa, ina fata kana lafiya. Bandar ta iso, yara sun gode. Na gode da amincewarka kan fadama, an yi ciniki, kuɗin suna asusun Zaituna ba a taɓa ba.

Baba, ka zauna kafin ka ci gaba da karatu. Na yi abin kunya, kuma na fi so ka ji daga hannuna.

Na ce maka zan san yadda na yi da ita. Ga yadda na yi. Ranar Litinin na ari niƙabi, ni da ban taɓa sa shi ba, na ɗauki katin shaidar Zaituna da fom ɗinta na tafi asibitin. Tsayinmu ɗaya, idonmu duk na Inna ne. Aka kira Zaituna Hashimu, na amsa. Aka ɗebi jinina, na ba da fitsari, aka auna ni. Matar da ke awo ta sake ɗaura mini abin hawan jini har sau biyu tana yamutsa fuska, na ce mata a rana na tako. Na dawo gida ina jin kaina gwana, har burabusko na dafa. A lissafina, ni da ban taɓa kwanciya a asibiti ba sai haihuwa, takarda za ta fito fes, yarinya ta tafi, in ma akwai wani abu a jikinta can sun fi mu kayan aiki. Ciwon kai kaɗai na sani, shi ma ƙwaya biyu ta kantin magani ke korar shi, in shiga aji in koyar.

Ranar Alhamis aka kira waya, wai mai gwajin ta zo tare da wani nata. Na riga na gaya wa Zaituna abin da na yi, muka tafi mu biyu. Zaituna ta zauna a kujerar mara lafiya tunda sunanta ne, ni ina tsaye a bayanta. Likitar, Dakta Ikilima, mace mai sanyin magana, ta juya takardar ta ce ƙodojin sun yi rauni sosai, kuma ba jiya abin ya fara ba.

Wata biyu Zaituna tana jiran wannan kalma. Da ta ji ta, sai komai ya fice mata daga kai. Ta sulale daga kujera tana kiran Inna. Na ja ta waje, gindin dogon yaron da ke bakin asibitin, ina girgiza ta. Na ce ta yi shiru, ta manta ne, ai ba jininta ba ne. Na faɗa sau uku, har ina 'yar dariya don ta nutsu. Sai ta daina kukan, ta ɗago ta zuba mini ido. A nan ne na ji abin da bakina yake faɗa.

Ban san yadda muka hau adaidaita ba. Na dai tuna ita ce ta biya.

Ban rubuto don ka yi mini kuka ba. Nawa yana hannun Allah, kuma ban ma gama yarda da shi ba tukuna. Abin da ke ci na shi ne takardar ta riga ta tafi. Jiya gidauniyar ta rubuto cewa ta dakatar da sunan Zaituna, domin inshora ba za ta karɓi mai irin wannan ciwo a kan tsarinsu ba, kuma in ba a kawo wani bayani ba zuwa goma ga Agusta, za a ba na bayanta gurbin. Garin neman gira na rasa ido. Da hannuna na rubuta wa ƙanwata ciwon da wataƙila ba ta da shi, na tare mata hanyar da ta yi shekara tara tana haƙa.

Malam bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya saurara har na gama, ya tambaye ni ko na ci abinci, ya fita. Kwana biyu ke nan gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Wata mata ta ce mini akwai inda ake rubuta wa mutum takardar lafiya in ya biya, sai mu ce na farkon kuskuren na'ura ne. Ba zan ɓoye maka ba, na karɓi lambar. In na faɗi gaskiya, suna iya cewa mun yaudare su su soke ta gaba ɗaya. In na yi shiru, ta tafi a mara lafiya. Ban taɓa tambayar ka yadda zan yi da Zaituna ba, yau ina tambaya. Saleh zai juyo gobe da yamma.

Ka yafe mini.

'Yarka,
Halimatusa'adiya


Unguwar Zango, Gashuwa
28 ga Yuli

Assalamu alaikum Baba. Ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan rumfa. An ce ruwa ya shiga layin 'yan kifi, Allah ya sa bai taɓa buhunanka ba.

Amsarka ta iso. Na buɗe ina tsammanin shafi biyu na faɗa, sai na ga layi uku. Ka ce in je in buɗe fuskata a inda na rufe ta, ka ce Zaituna ta miƙa hannunta da kanta, ka ce kana nan kana addu'a. Na ji haushinka, Baba, wallahi na ji. Na ce tsohon nan yana zaune kan buhun gero, bai san yadda ofisoshin yanzu suke ba. Na kwana biyu da takardar a jaka. A rana ta uku na yaga lambar nan na zuba a murhu.

Na mayar wa mai niƙabi kayanta, muka koma wurin Dakta Ikilima. Na faɗa mata komai a tsaye, don na kasa zama. Ashe mai sanyin magana ma ta iya zafi. Ta ce in bar batun gidauniya tukuna, ta nuna mini wani layi a fom ɗin da ban ko kula da shi ba, inda aka rubuta rukunin jini. Nawa B ne. Ta ce daga wannan fom ake cike katin da ɗalibi ke yawo da shi a can. Ta tambaye ni, in mota ta buge Zaituna a ƙasar da ba wanda ya san ta, ba ta iya magana, aka ciro kati daga jakarta, jinin wa nake so katin ya faɗa? Ta ce ko da takardata ta fito fes yarinya ta tafi, ranar da ciwo ya kama ta aka gano bayanan ba nata ba ne, inshorar ta tashi a banza, a bar ta da kuɗin asibitin da ko gidanmu aka sayar ba zai biya ba. Ni da nake koya wa 'yan aji biyar tsafta da kiwon lafiya, na tsaya kamar an tsoma kaza a ruwa.

Abin da ya ƙara mini kunya, matar da ta ɗebi jinina an ba ta takardar tuhuma saboda ba ta ce in ɗaga niƙabi ba. Ita kunya ta ji, ta ga matar aure. Na je har ofishin shugabansu na roƙa mata, na ce laifin nawa ne. An bar ta da gargaɗi, amma ta ƙi amsa gaisuwata, kuma ban ga laifinta ba.

Zaituna ta miƙa hannunta. Ta juya fuska bango kamar ranar da na kai ta rigakafi tana 'yar shekara biyar, na riƙe mata ɗayan hannun. Jininta O ne, Baba. Shekara ashirin da huɗu muna ɗaki ɗaya ban sani ba. Sauran sakamakon sai jibi. Ni ma an sake ɗibar nawa, wannan karon da sunana.

Na rubuta wa gidauniyar da kaina. Na ce ni na tsara, ni na je, ita tsoro kawai ta ji, kuma na gaya musu dalilin tsoron, na ba su labarin Inna da na layinmu. Likita ta haɗa da tata takardar. Ko za su karɓa, ko za su ce an yaudare su, ban sani ba. Kwana goma sha uku suka rage.

Malam ya sauko. Sai kawai na tarar ya kwashe ƙwayoyin ciwon kaina daga kan taga, ya ɓoye gishiri da kanwa, ya zubar da jiƙon da maƙwabta suka fara aikowa. Yanzu miyar gidan nan lami ce, yara suna ci suna harara ta.

Ka ci gaba da addu'a. Allah ya bar mana kai.

'Yarka,
Halimatusa'adiya


Unguwar Zango, Gashuwa
12 ga Agusta

Zuwa ga ƙanwata Zaituna, a gidan Baba, Nguru.

Assalamu alaikum. Ina fata kin isa lafiya, kuma kina cin abinci. Ki gaishe da Baba. Shuhada tana tambaya ina Anti ta tafi ba sallama, na ce mata Anti ta je hutu, don ban san yadda ake gaya wa yaro cewa babba ya gudu ba.

Ke yanzu abin da kika yi ya yi miki kyau? Takardarki ta fito fes, ciwon bayan nan na kujera ne kamar yadda na faɗa tun farko. Gidauniya ta karanta wasiƙata, ta ja mana kunne, ta mayar da sunanki. Mutum ya yi sujadar godiya ya ɗago, sai ya tarar kin kwashe fasfo kin hau motar Nguru, kin bar mini 'yar takarda a ƙarƙashin filo. Wai ba za ki tafi ki bar ni ba, wai kuɗin fadama na maganina ne, wai ƙodarki ɗaya tawa ce. Sannu uwar tausayi. Na karanta, na yi kuka, sannan na ji kamar in biyo ki da muciya.

Bari in gaya miki abin da na so yi. Akwai takardar gwajina ta biyu, wadda lambobinta suka ɗan yi dama. Na so in aiko miki da ita in ce kin gani, sauƙi yana samuwa, tafi abinki. Har na sa ta a ambulan. Sai na tuna abin da ya kawo mu nan. Na ciro ta. Wadda ke cikin wasiƙar nan ta ranar Litinin ce, ta uku, kuma ita ce mafi muni. Kin fi ni sanin lambobin. Ki karanta, kar ki kau da kai.

Dakta Ikilima ta ce abin da ya rage yana aiki a ƙodojina bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Ta ce da magani da kiyaye abinci ana iya riƙe shi shekara, ko biyu, ko fiye, ana kuma iya kasawa, daga nan sai wankin ƙoda. Ba zan ce miki za ki dawo ki same ni ba. Ba ni da wannan takardar, ba wanda yake da ita. Ina fata, ina shan magani a kan lokaci, iyakar abin da zan iya ɗaukar miki alkawari ke nan.

Yanzu maganar kuɗi. Kin manta lokacin Inna? Baba ya sayar da shanunsa biyu da filin bayan tasha, aka yi ta jigila da ita, duka wata huɗu suka saya mana. Ke kike riƙe mata roba a mota, kin fi kowa sani. Fadamar nan in aka zuba ta a jikina haka za ta bi, ba ta warkar da ni ba, ba ta kai ki ko'ina ba. Maganin da nake sha yanzu albashina da na Malam suna ɗauka. In ranar wanki ta zo, za mu nemi inda ake taimako, mu bi layi kamar kowa. Wannan nauyin namu ne, ni da mijina da Baba.

Ƙodar kuma na karɓa, na gode. Likita ta ce lokacin wannan magana bai yi ba, kuma ba da kuka ake yanke ta ba, sai an yi gwaje-gwaje. To tunda kin ba ni, tawa ce, kuma na ba ki ajiya. Ki tafi da ita Maleshiya, ki ba ta ruwa mai kyau, kar ki cika ta da ƙwayoyi kamar yadda na yi wa nawa. In na buƙata zan aiko.

Zaituna, in kin zauna me za ki yi mini? Ki dafa miya ba gishiri? Malam ya iya. Ni an riga an auna ni, an san nawa. Shuhada fa? Shekararta bakwai, daga randar da na sha take sha, daga ita Inna ta sha. Ban ce ruwan ne ba, ban sani ba, kuma rashin sanin nan ne yake cinye mu gida gida. Ke kika ce za ki leƙa ki gani. Ban taɓa roƙon ki komai ba, umarni na saba ba ki. Yau ina roƙo.

Mai sayar da tikiti ya ce farashin da ya ba mu zuwa Juma'a ne, bayan nan sai yadda canji ya kama. Saleh zai taso daga Nguru gobe bayan azahar, na ce ya bar miki gaba.

Yayarki,
Halimatusa'adiya


Unguwar Zango, Gashuwa
3 ga Oktoba

Zuwa ga ƙanwata Zaituna, a Maleshiya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da kewa mai yawa, ina fata kina lafiya, karatu yana tafiya. Yaya baƙunta, yaya abincinsu? Kin ce shinkafa safe da rana da dare, to ai 'yar Gashuwa ba ta da bakin ƙorafi a kan shinkafa. Baba yana gaishe ki, Malam da yara ma haka. Muna magana a waya kullum, na sani, amma a waya ke kike tambaya ni ina amsawa. Shi ya sa na rubuta da hannu zan ɗauki hoto in turo, don in faɗi nawa ba ki katse ni ba.

Na ji daɗi da kika ce sun sake yi muku gwaji da kuka sauka, kuma ya yi daidai da na gida. Da na ji, sai da na zauna. Ki duba inda da muke yanzu, da wautata ta yi nasara.

Ga abin da nake so, kuma kar ki ce Yaya ta fara. Katin inshorar nan ya zauna a jakar da kike fita da ita, ba a akwati ba. Ki sake duba shi da idonki ki ga O aka rubuta. Ki je ofishin jakadancinmu ki rubuta sunanki, na ji kin ce sai an yi hutu, ban yarda ba. Hoton fasfonki yana wurina yana wurin Malam, ke ma ki ajiye kwafi daban da shi. Kuɗin wata biyun nan ki ja su a hankali har na gidauniya ya fara shigowa, kuma in ya shigo na abincinki ne. In kika ƙwari cikinki kika turo mini, zan mayar, kin san ni. Ki ba abokiyar ɗakinki lambata. In kin ji ciwo, ko na yatsa ne, ki je asibitin makaranta a ranar, an riga an biya. Mu gidanmu mun gama ɓoye fom a ƙarƙashin katifa.

Labarin gida. Baba ya zo Gashuwa makon jiya ba sanarwa, ya ce in kai shi wurin likitar nan. Ya naɗe hannun riga da kansa, yana ta yi wa mai ɗibar jini labarin jirgin ƙasa da ƙarfi har na waje suna ji. Ita ce matar nan da na ja wa tuhuma. Ta yi dariya, kuma da za mu fita ta amsa gaisuwata. Ƙodarsa lafiya, sai ɗan hawan jini. An duba Malam da Usama da Shuhada, duk lafiya, an ce a maimaita baɗi. Cikin matan layinmu biyu sun bi ni sun yi, sauran sun ce in daina yi musu fata.

Takardata ta wannan wata tana tare da wasiƙar nan, kamar yadda muka yi alkawari a tashar mota. Lambar ba ta hau ba, ba ta sauka ba. Likita ta ce a wurinmu wannan ma nasara ce. Ina zuwa makaranta, sai dai na daina tsayuwa a taron safe, kuma ƙafata takan ɗan tashi da yamma. Na faɗa miki don na ce ba zan ƙara ɓoye miki komai ba. Taki kuma ina jiran ta bayan wata shida, da sunanki da jininki.

Ta farkon nan, mai sunanki a sama da jinina a ƙasa, na so in ƙona ta, na fasa. Tana cikin kwallar Inna. Wani lokaci nakan ciro ta in duba. Da ba ki ji tsoro ba, da ban yi wauta ba, da yanzu ina nan ina haɗiyar ƙwaya ina cewa gajiyar aji ce, har sai ranar da aka ɗauke ni a mota kamar Inna. Ban ce na yi daidai ba. Allah ne ya ji tausayinmu a cikin kuskurenmu.

Damina ta ɗauke, kogi ya fara ja da baya. Wanda ya sayi fadamar Inna ya samu shinkafa, na wuce na gani, ban ji ciwo ba kamar yadda na zata. Randa tana nan inda kika bar ta. Kullum da safe in zan cika wa Shuhada gorarta ta makaranta, sai in tsaya da moɗa a hannu, ita kuma tana cewa Umma yi sauri za a rufe ƙofa. Sai in zuba mata, don ba ni da wani.

Ki yi karatu, Zaituna.

Allah ya tsare ki a inda idona bai kai ba, ya dawo mana da ke lafiya.

Yayarki mai ajiya a wurinki,
Halimatusa'adiya